Gane-gane, jin muryoyi da kafaffen zato a ciwon baifola: tambayoyin iyalai a Katsina da Daura

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, ma'aurata da 'yan'uwan marasa lafiya suka fi yi a ɗakin likitan ƙwaƙwalwa. Sunayen magunguna mun bar su yadda suke a jikin kwali domin a gane su idan an gani. Adadin da muka ambata don fahimta ne kawai. Likitan da ya duba mutum shi ke yanka masa nasa.

Mene ne baifola, kuma ina ya haɗu da taɓin hankali?

Baifola ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke juya yanayin mutum tsakanin hawa da sauka. A lokacin hawa kuzari yakan yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa amma ba ya gajiya, magana ta yi ta zuba, ya ga babu abin da ya gagare shi. A lokacin sauka kuwa baƙin ciki ne mai nauyi: jiki ya mutu, abinci ya fita ransa, ya ga zaman duniyar ba shi da amfani. Tsakanin biyun, da yawa sukan koma garau na watanni ko shekaru, su yi kasuwarsu da karatunsu kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke da shi a 2019, kuma galibi yana fara bayyana ne tsakanin shekara 15 da 25.

Idan hawan ko saukar ya yi tsanani, mutum na iya rabuwa da zahiri. Ya ji muryar da babu mai yin ta, ya ga abin da babu shi, ko wani zato ya kafu a ransa har babu hujjar da za ta girgiza shi. Wannan ne likitoci ke kira saikosis. Ba wani ciwo na biyu ba ne. Ƙololuwar na farkon ne, kuma yakan lafa idan yanayin ya daidaita. Fiye da rabin masu nau'in farko na baifola sukan gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwarsu.

Nau'in farko shi ne mai cikakken hawa, na mako guda ko fiye, ko wanda ya kai ga kwanciya asibiti ko da bai cika makon ba. Nau'i na biyu hawansa ƙarami ne, na kwana 4 ko fiye, mutum na iya fita aiki da shi, amma saukarsa kan yi zurfi. Ƙa'idar ita ce, da zarar gane-gane ko kafaffen zato ya shiga cikin hawa, to ba ƙarami ba ne, an shiga nau'in farko.

Yaya abin yake kasancewa idan ya zo?

Galibi zaton yakan bi launin yanayin. Mai hawa zai ce an yi masa ilhami, ko shi ne Mahdi, ko gobe za a naɗa shi sarauta, ko gwamnati ta ba shi kwangilar biliyoyi. Kuma ba a baki yake tsayawa ba. Zai sa gona a kasuwa, ya kwashi jarin shago ya rabar a tasha, ya je neman auren mata biyu a mako ɗaya, ya kama hanyar Abuja da tsakar dare wai ana jiransa. Wanda ya tare shi ya zama maƙiyi, daga nan kuma zaton girma kan rikiɗe ya koma zargi: 'yan'uwa na yi masa hassada, matarsa ta sa masa abu a tuwo, ana bibiyar wayarsa.

Mai sauka nasa zaton akasin haka ne, kuma ya fi saurin kashewa domin shiru yake zuwa. Zai ce zunubinsa ya wuce gafara, ko shi ya jawo wa gidan talauci, ko kayan cikinsa sun ruɓe, ko ai ya riga ya mutu. Muryoyin da yake ji zaginsa suke yi, wani lokaci su umarce shi da ya halaka kansa. Wasu sukan daina ci da sha, su sandare wuri ɗaya ba magana. Iyali kan yi hamdala wai ya natsu, alhali nan ne haɗarin yake.

Akwai kuma gauraye: ga kuzari da rashin barci, ga baƙin ciki da fidda rai a lokaci guda. Wannan ba a barinsa shi kaɗai ko na awa ɗaya.

Likita, mu dai a gida an ce iska ce, wasu sun ce sammu. Mu bar ruƙiyya ke nan?

Ba wanda zai hana ku addu'a, kuma babu maganin asibitin da karatun Alƙur'ani ko rubutun sha ke ɓatawa. Abin da muke roƙo shi ne kada a jera su, wato sai an gama da malam wata uku sannan a tuna da asibiti. A yi su tare tun ranar farko. Abubuwa huɗu ne ba za mu yarda da su ba ko da wane suna aka kira su: duka, hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana barci da karatun dare har asuba, da cewa a ajiye ƙwayoyi. Rashin barci shi ne babban makamashin hawa. Wanda ya hana mai baifola barci, ciwon ya ƙara wa wuta. Jiƙe-jiƙen da ke sa amai da gudawa kuwa suna iya mayar da wasu magungunan guba, kamar yadda bayani zai zo.

Tunda ba a ganinsa a jini ko a hoto, ta yaya ake gane shi?

Da labari ake gane shi, kuma mafi yawan labarin a bakinku yake. Mai hawa ba ya ganin yana da ciwo. A wurinsa bai taɓa jin daɗin jikinsa irin na yau ba. Mai sauka kuma ba ya tuna hawan da ya yi shekara uku baya, ko ya ɗauke shi lokacin da harka ta buɗe masa. Saboda haka a zo da wanda yake kwana gida ɗaya da shi, mata ko uwa ko ƙane, ba kawun da aka kira a waya jiya ba.

Likita zai so ya ji me ya fara zuwa. Barcin ne ya fara lalacewa sannan surutu, sannan zancen Mahdi? Ko muryoyin ne suka daɗe kafin komai? Awa nawa yake barci, kuma idan ya tashi yana kukan gajiya ko garau yake? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi: mai damuwa yana son barci ya kasa, mai hawa kuwa ba ya ganin buƙatarsa. Za a tambayi ko an taɓa yin irin haka a da, tsawon wane lokaci, da yadda ya koma bayan nan. Za a tambayi dangi ta uwa da ta uba: wa ya taɓa irin wannan, wa ya taɓa ruɗewa bayan haihuwa, wa ya kashe kansa. Mun san tambaya ce mai nauyi, amma ɓoye amsar yakan sa a ɗauki hanyar da ba ita ba. Sannan a zo da duk abin da yake sha cikin leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da tsofaffin katunan asibiti.

Wani lokaci ba a iya yanke hukunci a ganin farko. Likita zai fara magani a kan abin da ke gabansa, ya ci gaba da lura wata da watanni kafin ya tabbatar da sunan ciwon. Wannan ba rashin sani ba ne.

To me ya sa ake tura mu gwaje-gwaje?

Dalili biyu. Na farko, a tabbatar ba wani ciwon jiki ne ya rikita ƙwaƙwalwar ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifod mai tsanani, farfaɗiya, buguwar kai a haɗarin babur, faɗuwar suga, ciwon ƙoda ko hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, da yawan aikin ƙwayar tairod da ke maƙogwaro, duk suna iya kawo sambatu da gane-gane. Alamar da ta fi raba su: mai baifola ya san inda yake, ya san ranar, ya gane mutane. Wanda bai san dare ne ko rana ba, hankalinsa na zuwa yana tafiya, ga zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, wannan ɗakin gaggawa za a kai shi yanzu. Haka wanda abin ya fara masa karon farko bayan shekara 40 zuwa 50. Shi a kan nemi hoton ƙwaƙwalwa.

Sai kayan maye. Wiwi, tramadol, ruwan kodin da gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, da sholisho, suna iya kawo saikosis da kansu, suna kuma tayar da baifolar da ke kwance. Akwai gwajin fitsari na wasunsu. Abin da ake yawan mantawa shi ne dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba. Suna iya jefa mutum cikin cikakken hawa.

Dalili na biyu, a san lafiyar jiki kafin a ɗora magani: awon ƙoda, hanta, tairod, suga, ƙwayoyin jini, nauyi, hawan jini, awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin ciki ga mace.

An taɓa ce mana sikizofireniya ce, yanzu kuma an ce baifola. Wanne ne gaskiya?

A ranar da ciwon ya kai ƙololuwa su biyun kan yi kama ƙwarai. Bambancin a tsawon lokaci yake fitowa. A baifola muryoyi da zato suna zuwa ne tare da hawa ko sauka, su tafi tare da su. A sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwar da saikosis ne jigonsa, suna nan ko yanayin ya daidaita, kuma mutum kan janye daga jama'a sannu a hankali. Idan ana samun hawa da sauka sosai, amma kuma aka yi mako 2 ko fiye da saikosis ba hawa ba sauka, akwai ciwo na tsakiya da ya haɗa siffofin biyun. Canza suna bayan an ga ƙarin shekaru ba abin mamaki ba ne, kuma yana da amfani, domin mai baifola yana buƙatar maganin daidaita yanayi wanda wancan ba lallai ya buƙata ba.

Ƙanena ya kwana uku bai runtsa ba, yana ta faɗa, ya ƙi asibiti. Me za mu yi a daren nan?

A sallami 'yan kallo. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, da murya ƙasa-ƙasa, gajerun kalmomi, ba a tsaye a kansa ba kuma ba a tare masa ƙofa ba. Kada a yi musu da zatonsa, kada kuma a gaskata shi. Maimakon "ƙarya kake, ba wanda ke binka", a ce "Na ga hankalinka a tashe yake, kwana uku ba ka yi barci ba, mu je a ba ka abin da za ka samu barci." Zancen barci ya fi karɓuwa a wurinsa fiye da zancen ƙwaƙwalwa.

A kawar da wuƙa, adda, igiya, fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da na feshin gona, fetur, da tarin ƙwayoyi. A karɓe makullin mota da babur, katin cirar kuɗi da takardun gida da gona. A ɗauke yara zuwa wani sashe. A ba shi ruwa da abin da zai iya ci a tsaye. Kada a sayo allura a kemis a yi masa a gida. Allurar kwantar da mutum na iya tsayar da numfashi ko ta faɗar da jini, musamman idan ya sha wani abu da ba ku sani ba.

Idan ya yi zancen mutuwa, ko ya ɗaga makami, ko ya wuni bai sha ruwa ba, ba a jiran gari ya waye. Maza uku ko huɗu masu sanyin hali su raka shi, ya zauna a tsakiyar kujerar baya.

Gidan mari ba wurin jinya ba ne. Mutanen Daura ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar ba a Oktoban 2019, lokacin da suka buɗe wani irin wannan gida suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Mari da turu suna barin gyambo, su bar tsoro, kuma wanda aka ɗaure sau ɗaya ba ya sake faɗa wa 'yan'uwansa idan ya ji ciwon na dawowa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a kula da shi cikin mutunci, ta kuma tsara yadda asibiti zai kwantar da wanda ya ƙi yarda alhali yana cikin haɗari.

Ina za a kai shi?

Asibitin gwamnati mafi kusa ya isa matakin farko: a duba zazzaɓi da suga, a kwantar masa da hankali, a rubuta takardar turawa. Daga nan akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. A zaɓi wanda za a iya komawa duk wata ba tare da kuɗin mota ya gagara ba.

Wane magani ake farawa da shi, kuma yaushe za mu ga sauƙi?

A hawa mai saikosis ana farawa da maganin kashe gane-gane. Waɗanda aka fi samu su ne olanzapine, milgiram 5 zuwa 20 a rana, galibi da dare, risperidone, 2 zuwa 6, haloperidol, da akan fara da kaɗan a ƙara a hankali, quetiapine, da tsohon nan chlorpromazine da aka fi sani da Largactil. Na 'yan kwanaki akan haɗa da diazepam ko lorazepam don barci, sannan a janye, domin jiki na sabawa da su. Idan wannan bai wadatar ba, ko ciwon ya yi tsanani tun farko, a ƙara maganin daidaita yanayi: lithium, ko sodium valproate, ko carbamazepine.

Barci da natsuwa su ke fara dawowa, cikin kwanaki. Zato yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ya sake shi, kuma ba dare ɗaya yake tafiya ba: da farko zai daina zancen, sannan ya fara kokwanto, sannan ya ji kunya. Idan an yi mako 4 zuwa 6 a kan cikakken adadi ba canji, sai a canza. Amma kafin a zargi maganin a duba abu uku: yana haɗiyewa ko yana ɓoyewa a kunci, ya koma wa wiwi, kuma maganin daga ina aka saye shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na tallan kasuwa da rana ta gasa.

Wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum akwai allura mai daɗewa, irin fluphenazine ko flupentixol duk mako 2 zuwa 4, ko haloperidol duk mako 4.

Bayan an fara magani wuyansa ya murɗe, idonsa ya kakkafe sama, harshe ya fito. Ba iskokin ne suka tashi ba?

Illar magani ce, an fi ganinta da haloperidol a kwanakin farko, musamman ga samari. Tana da ban tsoro amma tana warwarewa da sauri da allura a asibiti ko ƙwayar benzhexol. A koma a ranar. Benzhexol ɗin nan shi ne Exol da matasa ke sha don maye, don haka a riƙe shi a hannun babba.

Sauran illolin da ya kamata a sani: kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi, wanda akan ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara magani, alhali ragewa ya kamata. Olanzapine da quetiapine na sa ci da ƙiba da hawan suga, shi ya sa ake awon nauyi a kowace ziyara. Risperidone na iya ɗauke al'ada, ya kawo ruwan nono, ya rage sha'awa. Maigida ya faɗa wa likita, akwai canji, ya fi ya daina a ɓoye. Chlorpromazine na sa jiri idan an miƙe da sauri. Guda ɗaya ce ba ta jira: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa. A tsayar da maganin a garzaya asibiti.

Me ya sa lithium ke da dokoki da yawa?

Tun da likita John Cade ya wallafa sakamakon gwada shi a Ostareliya a 1949, har yau babu wanda ya fi shi tsare dawowar ciwon, kuma yana rage haɗarin kashe kai. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke guba ƙarama ce. Ana son awonsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 don kariya, zuwa 1.0 a lokacin hawa. Ya haura 1.5 guba ta fara. Ya wuce 2.0 rai na cikin haɗari. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan ƙarshe: ya sha da ƙarfe 9 na dare, a ɗiba 9 na safe. Ana awo mako guda bayan farawa ko canza adadi, sannan duk wata 3, ƙoda da tairod kuma duk wata 6. Inda babu halin wannan awo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da shi, kuma mun yarda da hakan.

Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka duk abin da ya ƙarar da ruwan jiki yana tara shi. A Katsina wannan na nufin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Yana nufin aikin gona, doguwar tafiya, amai da gudawa. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda mai kemis ke haɗa wa kowa a leda, suna ɗaga shi. Paracetamol ba ya yi. Wasu magungunan hawan jini, masu sa fitsari da irin lisinopril, su ma haka. Gishiri da kanwa kada a ƙara ko a rage kwatsam: ragewa na ɗaga awon, ƙarawa na saukar da shi.

Ɗan rawar yatsu, ƙishi da yawan fitsari an saba da su. Amma rawar hannu mai ƙarfi, tangaɗi, lauyewar harshe, amai da gudawa da magagi, guba ce. Kada a sha na gaba, a sha ruwa, a tafi asibiti.

Zai iya azumi?

A yi wannan magana da likita wata guda kafin Ramadan, ba ranar ganin wata ba. Wanda ciwonsa ke tashe, ko bai daɗe da sauka ba, yana cikin marasa lafiyar da Suratul Baƙara ta yi wa sauƙi. Wanda ya daɗe garau kuma maganinsa sau ɗaya ne da dare, sau da yawa yakan iya. Mai lithium ne abin dubawa, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi. Shi sai an auna jini kafin azumi da cikinsa. Ban da ƙishi akwai barci: sahur, tarawihi, hira, da tahajjud a goman ƙarshe kan yanyanka dare. Mai baifola ya tsare awa 7 zuwa 8 ko ta halin ƙaƙa, ya rage goro da shayi da lemon ƙara kuzari bayan shan ruwa.

Matata na da wannan ciwo kuma muna son haihuwa. Ko ta daina magani?

Kada ta daina da kanta. Ku je tare kafin cikin ya shiga. Sodium valproate, wato Epilim, shi ne babban abin gudu: kusan 1 cikin 10 na jariran da aka yi cikinsu a kansa na zuwa da naƙasa, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 na samun matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Bai kamata a ɗora yarinya ko macen da ke shekarun haihuwa a kansa ba. Carbamazepine ma yana da haɗari ga ɗan tayi, sannan yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Lithium na ɗan ƙara haɗarin matsalar zuciyar jariri a watanni ukun farko, kuma galibi ba a shayarwa a kansa. Sau da yawa akan mayar da mace kan olanzapine ko quetiapine.

Mako biyun farko na jego su ne mafi haɗari a rayuwarta. A cikin mata gaba ɗaya, 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke ruɗewa bayan haihuwa. A masu nau'in farko na baifola kusan 1 cikin 5 ne, ga wadda ta taɓa yi kuwa ya kai rabi. Ga shayarwar dare, ga 'yan barka, ga hidimar suna a rana ta bakwai. Idan za ta je wankan gida, Inna ko gwaggon da za ta kula da ita ta san da ciwon da maganin. Kunyar surukai ba ta kai ran mai jego da na jariri ba. Wata ta karɓi jaririn da dare, a taƙaita baƙi. Idan ta kwana biyu ba barci, ko ta fara cewa jaririn ba nata ba ne, ko an canza shi, kada a bar su su biyu, a kai ta asibiti a ranar. Can za a duba zazzaɓin jego da jijjiga tukuna.

An ba shi maganin damuwa a wani wuri, sai ya birkice. Me ya faru?

Amitriptyline ko fluoxetine su kaɗai, ba tare da maganin daidaita yanayi ba, na iya cilla mai baifola daga sauka zuwa hawa. Yana faruwa ne idan ba a tambayi tarihin hawa ba. A saukar baifola an fi amfani da quetiapine, ko olanzapine haɗe da fluoxetine, ko lamotrigine. Shi lamotrigine da milgiram 25 ake farawa na mako 2 a riƙa ƙarawa a hankali, domin gaggawa na kawo ƙuraje masu saɓule fata. Ƙurji da zazzaɓi ko gyambon baki a kansa, ko a kan carbamazepine, a tsaya a ga likita a ranar.

Jinyar lantarki fa? Mun ji ana cewa azaba ce.

Yadda ake yin ta a yau, ana sa mutum barci a saki jijiyoyinsa da allura, a ba ƙwaƙwalwa ɗan lantarki na daƙiƙu. Sau 2 ko 3 a mako, jimla 6 zuwa 12. Ga wanda ya daina ci da sha, ko ya sandare, ko magani ya gaza, tana ceton rai kuma ta fi ƙwaya sauri. Takan bar ciwon kai da mantuwar abubuwan da suka faru a makonnin jinyar.

Ya warke sarai wata shida. Har yaushe zai yi ta shan ƙwaya?

Nan ne aka fi yin asara. Ciwon kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka: ba hayaƙi, amma bai mutu ba. Mafi ƙaranci shekara 2 bayan tashin ƙarshe. Wanda ya yi tashi biyu ko uku, ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa, maganarsa ta shekaru masu yawa ce, kamar mai hawan jini. Abin da ake iya yi shi ne rage adadi, ko janye magani ɗaya a bar ɗaya. Idan za a daina lithium, a hankali ake saukewa cikin mako 4 zuwa wata 3. Yankewa kwatsam na dawo da hawa da sauri. Idan kuɗi ne matsalar a faɗa wa likita ƙarara, akwai masu araha da ke aiki, ya fi a riƙa tsallake kwana.

Makonnin bayan sallama daga asibiti a sa ido sosai. Lokacin ne yake ganin bashin da ya ci, da gonar da ya sayar, da maganganun da ya faɗa wa surukai. Gori a wannan lokaci na iya kai shi ga abin da ba a fata.

Ya saki matarsa kuma ya sayar da fili yana cikin ciwon. Ya hukuncinsu? Kuma za mu iya yi masa aure?

Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani a kan saki da cinikin wanda ke wannan hali. Hukuncin na alƙali ne ko malami masani. Abin da asibiti ke iya bayarwa shi ne takardar da ta nuna ranakun ciwon da tsananinsa. Wannan ma dalili ne na zuwa asibiti da wuri.

Masu baifola na aure, suna haihuwa, suna riƙe gida. Amma aure ba magani ba ne, kuma hidimar biki da rashin barcinta na tayar da ciwon, don haka a bari ya daɗe da daidaita. A sanar da wanda za a aura da waliyyi. Game da gado, ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi haɗarinsa bai wuce kusan 1 cikin 10 ba. Yana ƙaruwa idan ciwon na ɓangarorin biyu, abin da ya kamata a duba a auren zumunci.

Ta yaya za mu gane yana shirin dawowa?

Kowane mara lafiya da irin tasa sanarwar, kuma takan maimaita kanta. Wani da kiran waya da tsakar dare yake farawa, wani da yawan rubutu a Facebook da WhatsApp, wani da sabbin dabarun kasuwanci, wani da wa'azi ga duk wanda ya gani, wata da wanki da shara kafin asuba. A zauna da shi lokacin da yake garau a rubuta nasa alamu a takarda, da sunan wanda ya yarda ya riƙe masa katin banki idan sun bayyana, da asibitin da za a je. Ga kusan kowa, dare biyu a jere da barcin da bai kai awa 5 ba kuma ya tashi ba gajiya ya isa a koma wurin likita a makon, ko ranar da aka rubuta a kati ba ta zo ba. A wannan mataki sau da yawa gyaran adadin maganin dare ya wadatar, ba sai an ba da gado ba.